Ba a fafe gora ranar tafiya: sharhi kan ƙungiyoyin unguwa da ambaliya

Jama'a masu saurarenmu, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ƙungiyoyin sa-kai ne na unguwanni da ƙauyuka, waɗanda ke haɗa kai domin tunkarar ambaliya. Me ke sa wata ƙungiyar ta ceci rayuka, wata kuma ta ƙare a rabon barguna bayan ruwa ya gama ɓarna?

A watan Nuwamban 1970 guguwar teku ta afka wa gaɓar ƙasar da a yau ake kira Bangaladash, ta hallaka aƙalla mutum 300,000. An yi shelar haɗari a rediyo, amma jama'a da dama ba su gane abin da shelar ke nufi ba. Bayan nan ne gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai ƙauye-ƙauye, wadda a yau ke da mutum sama da 70,000, kusan rabinsu mata. Cikin kayan aikinsu akwai tuta da lasifikar hannu da jiniya da rediyo. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe mutum sama da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu a ƙasar kuwa 'yan gommai ne.

To, ga Jamus kuma, ƙasar kuɗi da na'urori. A watan Yulin 2021 kogin Ahr ya cika ya batse, ya ci mutum sama da 130 a kwarinsa, alhali masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi tun kwanaki kafin ranar. A garin Sinzig mutum 12 suka nutse cikin dare a wani gidan kula da naƙasassu. Labarin ya fito daga ofis, amma bai isa ƙofar da ta fi buƙatarsa a kan lokaci ba. Wannan tazarar, daga ofishin hasashe zuwa ƙofar gidan ƙarshe, ita ce gonar ƙungiyar unguwa, kuma babu mai noma ta sai ita.

Aikin farko da ƙafa ake yin sa. Washegarin ruwa mai ƙarfi, mutum 4 ko 5 su zaga unguwa da fenti da littafi. Duk inda ruwa ya bar shaida a jikin bango, a ja layi, a rubuta kwanan wata. A lura da inda ruwa ke shigowa, inda yake kwanciya, da hanyar da ke fara yankewa. A tambayi dattawa iyakar da suka taɓa ganin ruwa ya kai, amma a riƙe amsarsu a matsayin mafari. Iska na ƙara ɗaukar tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin 100 duk sa'ad da zafinta ya ƙaru da digiri 1 a ma'aunin Selshiyas, duniya kuwa ta riga ta ƙara zafi da sama da digiri 1 in aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19. Ga shi kuma filayen da a da ke shanye ruwa an rufe su da kwalta da siminti. Ruwan da dattijo ya sani da wanda jikansa zai gani ba lallai su zo ɗaya ba.

A wannan zagayen ne kuma ake rubuta sunayen waɗanda ba za su iya fita da kansu ba: tsofaffi, marasa lafiyar da ke kwance, makafi, kurame da ba za su ji lasifika ba, masu tsohon ciki, da mace mai ƙananan yara ita kaɗai. A gaban kowane suna a rubuta sunan wanda zai je ya ɗauko shi, da na wanda zai maye gurbinsa idan ba ya gari. In aka ce "matasa za su kula da su", to ba wanda zai je, domin kowa zai zaci wani ya riga ya tafi.

Sai awo. Ma'aunin ruwan sama ba abu ne mai wuya ba: mazubi mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a kafa shi a fili, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki 2 na tsayinsu. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa a lokaci ɗaya kullum, ya rubuta, ya zubar. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Ke nan rufin gida mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, lita 5,000 zai zubo ƙasa. Ku lissafa gidajen layinku, za ku ga abin da ake ɗora wa 'yar ƙaramar kwata. Bayan damina 2 ko 3 littafin zai fara magana: ruwan milimita kaza cikin awa ɗaya, layi kaza ne ke cika.

Mazauna bakin kogi kuwa ma'auni za su zana a jikin ƙafar gada, layi a kowane santimita 10, da manyan lambobin da za a iya karantawa da tocila daga gaɓa cikin dare. A raba shi launi uku: kore, ɗorawa, ja. A nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yin kuskure, sai su ja jan layin daidai inda ruwa ke fara shiga gidaje, wanda ihu ne bayan hari. Da baya-baya ake lissafo shi. A yi atisaye a ga awa nawa ake ɗauka kafin gidan da ya fi kowa jinkiri ya isa tudu. Misali, in awa 2 ne, kogin kuma kan hau santimita 20 a awa idan ya taso, to jan layin zai sauka aƙalla santimita 40 ƙasa da matakin da ruwa ke shiga gida. A ƙara wani abu a kai saboda dare, domin aikin da ake yi cikin awa ɗaya da rana ya fi haka a cikin duhu.

Ma'aunin da ya fi amfani ba a garinku yake ba, yana garin da ke samanku, wato wanda kogin ke ratsawa kafin ya iso gare ku. A ƙasar Nefal, ma'aunin kogin Karnali da ke Chisapani na bai wa ƙauyukan da ke ƙasa tazarar awa 2 zuwa 3, kuma da ita suke fita da yara da dabbobi. Saboda haka a ƙulla zumunci da mutanen sama tun cikin rani. A rubuta lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa a wurinsu da lokacin da ya iso, bambancin shi ne jarin da kuke da shi. Masu karanta ma'auni su zama biyu, lambobin waya a kan layukan kamfani biyu daban, domin daren da aka fi buƙatar waya shi ne daren da wuta ke ɗaukewa, sabis ya tsaya. Usur, ƙararrawa da lasifika mai batir ba sa jiran kowa.

Shelar ita ma tana da ƙa'ida. "Ruwa na zuwa" ba ta tayar da kowa daga shimfiɗa. A faɗi layukan da za su fita, inda za su nufa, hanyar da za su bi, da lokacin da ya rage. In kuma aka fitar da jama'a ruwa bai zo ba, kashegari a tara su, a nuna musu abin da ma'auni ya nuna da dalilin kiran. Ƙungiyar da ta yi shiru a irin wannan ranar, a karo na gaba ita kaɗai za ta fita.

Me ke hana mutane tafiya ko da sun ji? Tsoron ɓarayi, da dabbobi, da rashin sutura a mafaka. A guguwar 1991, wadda ta kashe kusan mutum 138,000 a Bangaladash, mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba. Daga baya aka shigar da mata cikin masu shela, aka ware musu ɓangare da makewayi a mafaka, aka kuma tara ƙasa aka yi tuddai domin dabbobi. Ƙungiyar da ba ta tanadi masu gadin unguwa da wurin ɗaure dabba ba, kada ta zargi wanda ya ƙi barin gidansa. A kuma riƙa nanata wa masu ganin ƙarfinsu: ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba na iya kayar da babban mutum, na santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, na 60 kuwa na tafiya da yawancin motoci.

Mu koma kan yashe magudanai, aikin da kowa ya fi sani kuma aka fi ɓatawa. Daga ƙasa ake farawa, wato daga inda ruwan ke fita, a riƙa hawowa sama. In aka fara daga sama, an buɗe wa ruwa hanya ne ya taho da gudu ya tarar da toshewa a ƙofar wasu. Lakar da aka fitar a kwashe ta da baro, da zarar ta tsane, a kai ta nesa. Tarin da aka bari a bakin lambatu, ruwan farko ne zai mayar da shi ciki, wahalar yini guda ta tashi a banza. Kwalbati ya fi ko'ina buƙatar ido, domin ƙarfin bututu ba ya tafiya kai-da-kai da faɗinsa: in aka ninka faɗin sau 2, ruwan da zai ɗauka kusan ninki 6 ne. Juya lissafin, za a ga irin asarar da ake yi in aka sa ƙaramin bututu domin rage kuɗi. Ragar ƙarfe a bakin kwalbati na tare leda da robobi, gaskiya ne, amma in babu wanda aka ɗora wa share ta da manjagara yayin da ake ruwa, ita da kanta ke zama madatsa. Kada kuma kowa ya shiga rufaffen lambatu ko rami. Iska mai guba na taruwa a ciki, tana kayar da mutum cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ne gawa ta biyu.

Buhun yashi ba a cika shi taf. Rabi zuwa kashi 2 cikin 3 ya isa, a naɗe bakinsa ƙarƙashinsa, a jera kamar bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake kowane sahu. Faɗin gindin ya ninka tsayin sau 3, a kuma shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren ruwa. Yawan buhunan ne ke ba mutane mamaki. Shinge mai tsawon mita 30 da tsayin santimita 30 na cin buhu kusan 600. In aka kai shi santimita 60, sai kusan 2,100, santimita 90 kuwa kusan 4,500. Don haka buhu na tare ƙofa ne, da bakin rijiya, da ɗakin magani, ba na tare kogi ba.

Duk ruwan da aka tare a nan kuwa, wani wurin zai nufa. Layin da ya ɗaga hanyarsa ko ya gina katanga shi kaɗai, maƙwabta ya tura wa. Manoman Holan sun gane haka tun ƙarni na 13, suka kafa majalisun ruwa saboda shingen kowa bai fi ƙarfin na maƙwabcinsa ba, kuma har yau zaɓen waɗannan majalisu ake yi. Iyakar ƙungiya ta bi hanyar ruwa, ko da ta ratsa unguwanni uku da ba sa ga maciji.

Akwai abin da ya fi ƙarfin 'yan sa-kai, kuma bai kamata hukuma ta fake da ƙoƙarinsu ta naɗe hannu ba. A unguwar Orangi da ke Karachi ta Pakistan, shirin da Akhtar Hameed Khan ya fara a 1980 ya raba aikin gida biyu: mazauna kowane layi su tara kuɗi su shimfiɗa bututun layinsu, hukuma ta ɗauki babbar magudanar da ke kwashe na kowa. Rabon ya yi ma'ana. Ƙungiyar da ta je ofis da littafin awo, da hotuna masu kwanan wata, da adadin gidajen da ruwa ya shiga, ta fi wuyar sallama a kan wadda ta je da kuka kawai. Batun kuɗi kuwa, sa hannun mutum uku kafin a fitar, a kuma karanta shiga da fita a bainar jama'a. Rigimar asusu da shigowar 'yan siyasa sun fi ruwa kashe ƙungiyoyi.

Bayan ruwa ya janye, a ɗauka duk rijiyar da ya haura ta gurɓace da abin da ya kwaso daga masai, har sai an kwashe ta an zuba mata sinadarin kulorin. Ruwan sha a tafasa shi, ya yi minti 1 cur yana tafarfasa. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. Kada a kunna wuta a gidan da ruwa ya taɓa wayoyinsa sai ma'aikacin lantarki ya duba. Kududdufai a buɗe musu hanya cikin mako guda, domin sauro na tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kwana 10 ko ƙasa da haka a lokacin zafi.

Cikin mako biyu, tun mutane ba su manta ba, a zauna da littafi. Ƙarfe nawa kiran farko ya shigo? Ƙarfe nawa gidan ƙarshe ya fita? Wane suna ne a jerin ba a je ɗauka ba, kuma me ya hana? Sannan a ɗauki fenti a sake zagawa a ja sabon layi a bango, in lissafi ya nuna lokacin bai isa ba, a sauko da jan layin da ke jikin gada.