Takardar da Ɗan Aike Zai Karanta: Auna Bayanin Kayan Aikin API

Assalamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, rubutun da zan nuna a allo ƙanana ne.

To, ga shi. Wannan bayanin wani kayan aiki ne da aka haɗa wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke aiwatar da ayyuka da kanta a madadin mutum. Sunansa api_request. Bayanin layi ɗaya tak: "Yana aika buƙata zuwa API." API ita ce hanyar da wata manhaja ke bi ta yi magana da wata. A ƙasa ga gurabe uku da za a cike: method, path, body, wato irin aikin, adireshi, da abin da ake aikawa. Iyakarsa ke nan.

Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake nufi, tunda shi ya gina abin. Wakilin fa? Bai zauna taron da aka tsara aikin ba, ba shi da abokin zama da zai taɓa ya ce, "Malam, nan me ake sawa?" Tun daga Yunin 2023 da kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar kiran kayan aiki, zuwa Nuwamban 2024 da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP na haɗa wakili da kayan aiki, abin da ke isa ga wakili kusan iri ɗaya ne: suna, bayani, da fasalin gurabe a tsarin JSON Schema, wato tsarin da ke fayyace abin da za a sa a kowane gurbi. Da su zai yanke shawara. Kamar ka aiki baƙon yaro kasuwa ne da 'yar takarda, ba waya a hannunsa. Duk abin da ba ka rubuta ba, sai dai ya cika da zato.

Saboda haka idan an ba ni bayani in auna, nakan fara da ƙananan abubuwa. Gurbin path, cikakken adireshi ake sawa ko guntun da ke bayan sunan sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatar? Body rubutu ne zalla ko JSON, tsararren rubutun da manhajoji ke musaya? Makullin shiga, wa ke liƙa shi? In bayanin bai ce kayan aikin ne ke sawa da kansa ba, za ka ga wakili yana roƙon mai amfani ya ba shi makulli a cikin hira, wanda bai kamata ba sam.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne nan. Wannan kayan aiki na gama-gari ne, ƙofa ɗaya ce ta komai. Ta nan GET ke bi, mai duba kawai. Ta nan DELETE ke bi, mai gogewa. A sabuntawar MCP ta Maris 2025 an ƙara alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint, don a nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna. To wace alama za ka manna wa ƙofar da ke yin duka biyun? Ko wacce ka sa, rabin labari ta faɗa. Nauyin ya dawo kan rubutun.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Muna gwaji da manhajar oda ta wani kamfani. Wakili ya aika POST don buɗe oda, sabar ta yi nauyi, lokaci ya ƙare ba amsa. Ya sake aikawa. Ya kuma sakewa. Da na buɗe rajista, oda uku iri ɗaya a jere, sakanni kaɗan tsakaninsu. Ashe ta farkon ma ta shiga, amsar ce ba ta dawo ba. A ƙa'idar HTTP da ake aika buƙatu da ita a yanar gizo, maimaita GET ko PUT, mai maye gurbin abu, ba ya ƙara wani sakamako, amma POST ba a yi masa wannan alkawari ba. Shi ya sa kamfanin biyan kuɗi na Stripe ke karɓar Idempotency-Key, wato alamar da ke bambanta kowace buƙata, domin ko buƙata ta zo sau biyu a aiwatar sau ɗaya. Bayaninmu bai ce uffan a kan wannan ba. Jimla ɗaya muka ƙara: in POST bai dawo da amsa ba, duba da GET kafin ka sake.

Don haka ku nemi abin da bayani ya ce game da lokacin da abu ya lalace. Sabar kan dawo da lamba mai nuna matsalar. 401 matsalar makulli ce, maimaitawa ba ta gyara ta. 404 babu abin a wurin, ko adireshin ba daidai ba ne. 429 kuwa cewa ake ka yi yawa, ka dakata, wani lokaci har a faɗi tsawon jiran a Retry-After.

'Yar'uwa a gaba ta tambaya ko ba sai a zuba dukan takardar OpenAPI, mai fayyace duk hanyoyin API ɗin, a cikin bayanin a huta ba. A'a. Wurin da wakili ke riƙe bayani yana da iyaka, kuma gargaɗin da ya fi muhimmanci zai nutse a tsakiyar ɗaruruwan layuka. Gara a ware wani kayan aiki da ke lissafa hanyoyin, a ce masa ya fara leƙa can.

Ni ba na ba bayani maki da karatu kawai. Nakan miƙa shi ga abokin aiki da bai san aikin ba, in ce ya rubuta buƙata ɗaya ba tare da ya tambaye ni komai ba. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, nan giɓin yake. Sannan in ba wakili ayyuka kamar 20, har da waɗanda ya kamata ya tsaya ya nemi izini, misali goge asusun wani, in zauna in karanta rajistar layi bayan layi.

Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa. Ku sake rubuta wannan layin na allo, kada ya wuce jimla 8, sannan ku musanya da na kusa da ku. Minti 15 gare ku.