Hotunan James Webb: na gaske ne ko fenti aka shafa?

Tun da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saki hotunan farko na James Webb, na'urarta ta hangen nesa da ke sararin samaniya, a Yulin 2022 ake ta musu, wai na bogi ne, wai wasu ne suka zauna gaban kwamfuta suka zuba musu kala. To kala kam an zuba, wannan babu gardama. Amma ku tsaya tukuna.

Ɗauko rimot ɗin talabijin, saita kyamarar waya a bakinsa, danna. Ka ga ɗan hasken nan da ke ƙyaftawa? In bai fito ba gwada kyamarar gaba. Idonka ba ya ganinsa amma yana nan, infared kenan, kuma galibi shi Webb yake kallo daga can inda yake, nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya.

Ga abin da ke isowa duniya. Baƙi da fari, babu ko ɗan armashi. Wuri ɗaya ake ɗauka sau da yawa, kowane karo ta matata daban da ke barin haske iri ɗaya ya wuce.

Yawwa, a nan ake rikicewa. Mutane sun ɗauka mai haɗa hoton ne kawai ke cewa yau ruwan lemo nake sha'awa. A'a, akwai ƙa'ida. Kowane haske da tsawon zangonsa, a bakan gizo shuɗi gajere ne, kore na tsakiya, ja dogo, shi kuwa infared ya fi ja tsawo shi ya sa ido ya gaza. Sai ma'aikatan cibiyar da ke kula da Webb a birnin Baltimore na Amurka su jera hotunan, wanda zangonsa ya fi gajarta a ba shi shuɗi, na tsakiya kore, mafi tsawo ja, sannan a ɗora su kan juna. Kamar waƙa ce aka ɗauko da murya can ƙasa har ba a ji, sai aka ɗaga ta gaba ɗayanta, inda take hawa tana nan tana hawa, inda take sauka tana sauka. Ba a ƙara tauraro ko ɗaya ba.

Hannun mutum fa? Akwai, kar mu yaudari juna. Ana ƙara wa wurare masu duhu haske, ana goge tabon kyamara. A wani hoto mai ginshiƙan gajimare da Hubble, na'urar hangen nesa da ta riga Webb, ta ɗauka a 1995, haidirojin kore aka ba shi alhali ja ne, don kar ya saje da sulfa wanda shi ma ja ne.

Ni dai a wajena hoto ne. Ita ma wayarka ƙarfin haske kawai take aunawa ta ƙananan matatai ja, kore da shuɗi, manhaja ta lissafa sauran, kuma ban taɓa jin wanda ya ce hoton Sallarsa na bogi ne ba, duk da filtar da aka zabga masa.