Darasi: Yadda Ake Karanta Rairayin Bakin Teku

Assalamu alaikum ɗalibai, barkanmu da war haka. Waɗanda ba su samu zuwa aji ba, ku saurari wannan da kyau kafin mu tashi daga Sakkwato zuwa Legas. Inda za mu yi aiki shi ne Tarkwa Bay, wani lungun teku mai rairayi a bakin mashigar tashar jiragen ruwa. Mota ba ta zuwa can, sai da jirgin ruwa, saboda haka kowa zai sa rigar kariya, ba na son gardama a kan wannan.

To, abu na farko, lokaci. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25. Gobe kuma sai ta yi jinkirin kusan minti 50 a kan na yau. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Shi ya sa na ɗora tafiyar a kan tsayuwar wata. A kwanakin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da ganin jinjirin wata, da kuma daren sha huɗu, ruwa ya fi hawa, ya fi kuma janyewa, sai fili ya buɗe mana sosai. Kun san yadda fadamar Rima ke sha ruwa da damina ta bushe da rani? To a can, abin da fadama ke yi a shekara, gaɓar teku na yin sa sau biyu kowace rana. Duk halittar da ke zaune a wurin da wannan take rayuwa.

Da kun sauka za ku ce ai ba komai nan sai rairayi. A'a. Masu gidan suna ƙasa, sun ɓuya daga zafin rana da tsuntsaye.

Ga yadda za mu yi. A ja igiyar awo tun daga inda ciyawa ta ƙare har bakin ruwa. Kowane mita biyar a aje firam ɗin katako, mita ɗaya kowane gefe. Mutum ɗaya ya ƙirga ramukan kaguwa da ke ciki, ɗaya ya auna bakin kowane rami da rula, ɗaya ya rubuta, kuma da fensir, don biro ba ya shiri da jiƙaƙƙiyar takarda. Faɗin ramin shi ke gaya muku girman mai shi. Ku lura, manyan ramuka sun fi yawa can sama wajen busasshen rairayi, ƙanana kusa da ruwa, domin ƙaramar kaguwa ba ta jure bushewa. Wannan farar kaguwa mai gudu da dare take fitowa, kuma inda jama'a suka cika tattakawa ramukanta raguwa suke yi. Shi ya sa za mu ja igiya biyu, ɗaya inda masu shaƙatawa ke zama, ɗaya can gefe, mu kwatanta. Ni dai wannan sashen ne ya fi burge ni, domin da rula kawai za ku ga sawun ɗan Adam a rayuwar wata halitta.

A inda ya jiƙe, a haƙa kamar kamu ɗaya, a zuba a rariya, a girgiza cikin ruwa. Tsutsotsi da ƙananan dabbobi masu ɓawo biyu za su rage. Ku ƙirga, ku ɗauki hoto, ku mayar da su inda kuka same su. Don Allah kada wanda ya sako mai rai a jaka.

Ku dubi kuma doguwar katangar duwatsun da aka gina farkon ƙarni na 20 don kare mashigar jirage. Igiyar ruwa a gaɓar nan tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Katangar ta tare shi, sai ya taru ta yamma, Bar Beach kuwa, gaɓar da ke gabas a lokacin, teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru.

Sai batun tsaro. Ko ka iya iyo a gulbi, teku daban take. Akwai ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi ta siririyar hanya, yana ɗauke mutum nan take. Ba wanda zai wuce gwiwa, kuma kada ka juya wa ruwa baya kana rubutu. Ku zo da ruwan sha isasshe, na teku kowace lita da gishiri kamar giram 35. Shugabannin rukuni ku same ni bayan la'asar ku karɓi rariya da igiya.