Amsoshin Tambayoyinku: wace kamara ce ta hoton jirgin ƙasa?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye, barkanmu da war haka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku. Yau saƙonni uku ne suka haɗu a kan abu guda, ɗaukar hoton jirgin ƙasa, kuma wallahi na ji daɗin zuwansu don abu ne da ya daɗe a raina.

Na farko wani ƙanenmu ne daga unguwar Zango, ya ce hoton biki da suna yake ɗauka da waya, yanzu ya tara 'yan kuɗi zai je Kano ya wuce Kaduna, burinsa ya ɗauko jirgi yana tafe, wace kamara zai saya.

To ƙanena, ka san dai mu nan ba mu da dogo. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso ba ya jigilar kowa, na Kano zuwa Maraɗi kuwa da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai kusan kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ba ta wajenmu ba. Amma fa jirgi ba baƙonmu ba ne, tun 1911 dogo ya iso Kano, ya kai Nguru a 1930, kuma gyaɗar Magarya da Matamai da fatun ƙasar nan da yawa ta Kano suka hau shi zuwa bakin teku. Abin da ya sa na kawo wannan, kai ba kamar ɗan Rigasa ba ne, unguwar da tashar jirgin Kaduna take, da in hoton yau ya lalace gobe ya koma, kai sau ɗaya za ka je, jirgin ya wuce ka cikin sakan goma, shi ke nan sai wata tafiyar. Don haka kar ka zuba kuɗinka duka a jikin kamara. Tsohuwar Nikon D3200 ta 2012 ko Canon 600D ta 2011 na hannu sun ishe ka har da saura, kowacce tana ɗaukar hoto kusan 4 a sakan guda in ka danne maɓalli, kuma suna barinka ka saita saurin ɗauka da hannunka, wanda shi ne gaba ɗaya maganar. In za ka saya ka sa mai ita ya nuna maka sau nawa ta ɗauki hoto, sannan ka fita waje ka ɗauki sararin sama a f/22, wato ƙofar hasken kamarar a tsuke sosai, ka buɗe hoton ka duba, in ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe to ƙura ta kwanta a ciki, sai ka rage masa kuɗi ko ka ajiye masa abarsa. Canjin da ya rage ka sayi batir na biyu da katin ajiya mai sauri.

Sai kuma idon kamarar, wanda masu hoto a nan ke cewa objektif, a Kano su ce lens. Ɗan ƙaramin nan da aka rubuta wa 18-55 a jiki, da ke zuwa da ita, yana aiki sosai a cikin tasha, inda kake son jirgi da fasinjoji da masu talla duk su shiga. A fili kuwa mai jawo nesa kake so, 55-250 in Canon ce, 55-200 ko 70-300 in Nikon ce. Shi yana tattaro taragon su matsu da juna jirgin ya fito da kwarjini, ga shi kuma kana tsaye can nesa da dogo hankalinka kwance. Sai dai da rana tsaka kar ka jawo nesa sosai, hucin da ke tashi daga ƙasa zai sa jirgin ya fito kamar yana rawa cikin ruwa, babu saitin da ke gyara wannan.

Saƙo na biyu daga Mirya, wani malamin lekol ne, ya ce ya je ya ɗauka da kamarar da ya aro amma duk hotunan bishiyoyi sun fito tas, jirgin kuwa ya shafe kamar an goga masa hannu, me ya jawo.

Malam, abin nan ya taɓa samuna a bayan garin Kano shekarun baya, tun bayan azahar nake tsaye gefen tsohon layin har na ji ƙahonsa daga nesa, ƙasa ta fara girgiza a tafin ƙafata, awaki suka watse, na danna na danna, da na duba babu ko ɗaya da ake iya karanta lambar da ke goshin injin, na daɗe ina jin zafin ranar nan. Laifin na barin kamara a otomatik ne, ita ba ta san abin yana gudu ba. Yi lissafin da kanka tunda malami ne kai, jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a sakan guda, in kamara ta ƙifta a 1/125 na sakan ya riga ya matsa santimita 22 kafin ta rufe ido, in kuwa 1/1000 ne bai kai santimita 3 ba. To ka ga inda shafewar ta fito. Murɗa abin juyawar da ke saman kamarar zuwa S in Nikon ce, Tv in Canon ce, nan ne ake saita saurin ɗauka, ka sa 1/1000 ga irin na Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016, shi da yake sabon dogo ne mai faɗi yana gudu, tsohon mai ƙunci kuwa 1/500 ma ya isa. ISO, wato ƙarfin jin hasken kamarar, ka sa 200 ko 400 da rana, ka lura ƙofar hasken tana wajen f/8 don kai da taragon baya su fito tare. Fokus ɗin ka sa shi a mai bin abu, AF-C in Nikon ce, AI Servo in Canon ce, ko kuma dabarar da na fi yarda da ita, tun kafin ya iso ka zaɓi wani turke ko alama a gefen dogo ka daidaita a kansa, yana kawo goshi wurin ka danne.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma zai same ka, fitilar gaban jirgi da farin yashi da hazon hunturu suna ruɗin kamara ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta duhunta hoton injin ya fito baƙi ƙirin. Ƙara mata +0.7 ko +1 a maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi. Rana ta kasance a bayan kafaɗarka, da hantsi ko bayan la'asar, lokacin haske yana shiga har ƙarƙashi a ga ƙafafun ƙarfen, kuma ka tsaya ta kusurwa yadda za a ga fuskarsa da gefensa a tare. Dan Allah kar ka canza objektif a fili lokacin iskar hunturu, shiga mota ko ɗaki tukuna.

Kuma ku biyun nan, kar ku bari sai a gaban jirgi za ku fara koyon wannan. Ku fita hanyar Takeita ko ta Gure da yamma ku tsaya nesa da kwalta, manyan kamyo da kar ɗin fasinja suna wucewa, ku yi ta gwadawa a kansu har yatsa ya saba. A nan ne ma za ku koyi bin abu da kamara, a sa 1/30 ko 1/60 a juya ƙugu tare da motar ana dannawa, ita ta fito tsaf bayanta ya zama zane-zane, cikin ashirin in ɗaya ya yi kyau an ci riba. Ku dai nisanci bariki da shingen jami'an tsaro.

Na uku wata 'yar'uwarmu ce daga Birni, ɗaliba, ta ce ita waya kawai gare ta kuma a cikin jirgin za ta zauna, ko akwai abin da za ta samu.

Akwai mana ƙanwata. Goge gilashin kamarar da gefen mayafi, kashe filasha, manna wayar dab da taga don kar hasken cikin tarago ya dawo miki a hoto, kar kuma ki ja zum da yatsu, hoton yake fasawa. Abin da ke kusa da dogo zai shafe ko ya karkace, ki nemi na nesa, duwatsu da gonaki da garken shanu. In wayarki tana da wurin da aka rubuta Pro kina iya sa 1/1000 ɗin nan ke ma. Kafin ki ɗaga waya a tasha ki nemi izinin ma'aikata, tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 maganar tsaro ba ta wasa ba ce, in sun ce a'a ki mayar da ita jaka. Mutane ma a tambaye su kafin a ɗauke su.

Ku maza biyun kuma ina roƙonku kar wanda ya hau kan dogo ko ya tsaya tsakanin layi biyu, jirgi mai kaya yana iya cin fiye da kilomita guda kafin ya tsaya, kuma ta cikin mai jawo nesa ba za ka gane yadda ya kusanto ka ba, shi ya sa nake buɗe ɗaya idon ina kallonsa kai tsaye. Da dare kar a haska wa direba filasha a fuska.

Akwai saƙon wani bawan Allah daga Tanut a kan hoton raƙuma da ayari, lokaci ya ƙure mana, da shi za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.