Amsoshin Tambayoyinku: Ko Sassauta Dokar Kantin Magani Zai Kai Magani Ƙauye?

Assalamu alaikum masu sauraro. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a ƙaramar hukumar Tangaza, wanda mahaifiyarsa ke fama da ciwon suga, kuma duk sa'ad da allurarta ta ƙare sai ya shigo birnin Sakkwato. Yana tambaya, da gwamnati za ta sassauta dokokin buɗe kantin magani, kowa ya buɗe inda ya ga dama, shin magani ba zai matso kusa da su ba?

Malam, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya. A Nijeriya hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, wadda dokar 2022 ta sabunta, ita ce ke ba da lasisin sayar da magani. Famasi dole ya kasance ƙarƙashin kulawar masanin harhaɗa magunguna mai rajista, kuma ƙa'ida ta tanadi tazarar mita 200 tsakanin famasi da ɗan'uwansa. Shi kuwa mai kemis, an amince masa ne ya sayar da ƙananan magunguna cikin kwalinsu na asali, ban da waɗanda sai da takardar likita. Don haka allurar insulin ba ta cikin hurumin kemis ɗin garinku.

Wasu ƙasashe sun gwada abin da kake nufi. Har zuwa 2009 kamfanin gwamnati ne kaɗai ke sayar da magani a ƙasar Suwidin, da kantuna kimanin 930. Da aka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofa, adadin ya haura 1,300 cikin ƴan shekaru, amma galibin sababbin kantunan a birane aka kafa su, kusa da waɗanda suke nan tun da can, har sai da gwamnati ta fito da tallafi na musamman a 2013 domin kada kantunan karkara su rufe. Ingila ma ta sassauta a 2005 ga duk kantin da zai buɗe na awa 100 a mako, sannan ta janye sassaucin a 2012.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya tsaya a bakin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hantsi, ya ga majinyata na fitowa da takarda a hannu suna tsallaka titi. Mai jari yana bin inda likita ke rubuta magani ne, da inda ake da kuɗin saye. Wanda zai buɗe famasi a Tangaza ko Gudu ko Kebbe sai ya biya albashin ƙwararre, ya sayi firji da sola saboda insulin ba ya jure zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, sannan a wasu yankunan ya yi lissafin tsaron hanya. Tazarar mita 200 ba ta hana kowa buɗe kanti a garin da ba shi da famasi ko ɗaya ba, saboda haka cire ta zai ƙara cunkoso ne kawai a ƙofar asibitocin birni.

A ganina, abin da ya kamata ku nema daga hukumomi shi ne a wadata ɗakin magani na babban asibitin ƙaramar hukuma da cibiyoyin lafiya matakin farko da firji mai aiki da kaya marasa yankewa, a ba wa matasan da jami'armu ke yayewa tallafin da zai sa su zauna a karkara, a kuma horar da masu kemis tare da sa musu ido.

Wata baiwar Allah daga Wurno kuma ta tambaya ko masu tallar magani a tire ranar kasuwa ba su cike wannan giɓi. Hajiya, ba su cike shi ba. Ƙwayar da ta yini a rana ƙarfinta na raguwa, kuma mai tallar ba shi da lasisi balle a bi sawunsa idan an cutu. Ki sayi magani a kanti mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalin kafin ki biya.