Noman Kuɓewa a Buhu a Tsakar Gidan Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Idi-Araba, Obalende da duk inda kuke kallonmu.

Wanda ya taso a Arewa ya san kuɓewa da jure zafi da ƙishirwa. A Legas kuwa yawan ruwa ne ke kashe ta. Daga Afrilu zuwa Yuli sama ba ta hutawa, ruwa ya kwanta a gindinta, saiwa ta ruɓe, ganye ya koma rawaya. Ga gidajenmu na haya, ko'ina siminti. Shi ya sa na fi son buhu, kuma shi zan nuna muku.

Ku samo fankon buhun shinkafa mai cin kilo 50, ku huhhuda gindinsa sosai. Ku gauraya baƙar ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya, da ɗan yashi. Kashin kaji ko na shanu duk ya yi, amma sai wanda ya daɗe ya huce, don ɗanyensa ƙone shuka yake yi. Ku ɗora buhun a kan bulo yadda ruwa zai tsiyaye, a wurin da rana ke dukansa aƙalla awa shida. A inuwar katanga za ta yi ta tsawo ne, 'ya'ya kaɗan.

Iri kuma, in kun samu NHAe47-4, wanda cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ta fitar, ko Clemson Spineless, madalla. Ku jiƙa shi ya kwana, domin ɓawonsa na da tauri. Da safe ku binne ƙwaya uku, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Cikin mako guda za ta tsiro. In ta yi ganye huɗu, ku bar mafi ƙarfi ɗaya ko biyu, ku cire saura. Na san cirewar na da ciwo, amma in suka cunkushe ba wadda za ta yi kirki. Lokacin shuka shi ne farkon damina, ko ƙarshen Agusta kafin ruwan Satumba ya dawo.

Ku dubi wannan ganyen, duk ƙananan huji kamar rariya. Aikin wasu 'yan ƙwari ne masu tsalle da zarar an taɓa su, kuma su ke yaɗa cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Ku barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko ku daka ganyen dogon yaro ku jiƙa, ku tace ku fesa da yamma. Wadda cutar ta riga ta kama, a tuge ta kawai.

Wajen mako shida zuwa bakwai fure zai fito, rawaya mai jan ciki. Da safe yake buɗewa, kwana ɗaya ya faɗi. Daga nan ku fara lissafi: kwana huɗu zuwa shida, ɗan ya isa yanka. Nan ne mutane da yawa ke asara, suna jira ya ƙara girma. Ku kama tsininsa ku lanƙwasa. In ya karye ƙas, ta miya ce, mai yauƙi. In ya lanƙwashe bai karye ba, ta tsufa, sai zare. Abin da ya fi wannan, uwar da aka bar wa tsofaffin 'ya'ya ƙarfinta kan tafi wajen ƙosar da iri, sai ta rage fure. Don haka duk bayan kwana biyu ku zagaya da wuƙa, ku yanke har wadda ta wuce. Ku sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi.

Masu son busasshiya don miyar tuwo, ku yi haƙuri da damina. Iskar Legas akwai laima, in kun shanya fumfuna za ta yi. Ku bari sai Disamba ko Janairu, ku yanka siri-siri ku baza a faranti. A lokacin ne kuma za ku bar 'ya'ya biyu ko uku su bushe a jikin uwa har su fara tsagewa, ku ɓare irin ku zuba a kwalba mai murfi.