Malamar da ta zauna tana ƙirga masu mulkin kama-karya

Idan ka sauka daga danfo a Obalende, nan Legas, ka wuce teburan masu shayi da hayaƙin masu tsire, tafiya kaɗan za ta kai ka bakin Barikin Dodan. Daga 1966 har Disambar 1991 da aka tattara aka koma Abuja, daga bayan wannan katanga ake juya Najeriya. Dattawanmu na Agege da Idi-Araba ba su manta ba: a wayi gari rediyo na ta kiɗan badujala, sai mai shago ya mayar da ƙofa ya rufe, don kowa ya san an yi juyin mulki.

To, akwai mutanen da nazarin irin wannan safiya ita ce sana'arsu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Barbara Geddes, wadda ta daɗe tana koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis a Amurka. Ta yi digirinta na uku a 1986, kuma da ƙasashen Latin Amurka ta fara, musamman Barazil, inda soja suka daɗe suna cin karensu babu babbaka.

Abin da ya fito da sunanta a 1999 ba wani dogon turanci ba ne, ƙirga ce. Cewa ta yi, a daina zuba duk masu danniya a buhu guda. Akwai gwamnatin da hafsoshin soja ke riƙe da ita a ƙungiyance, akwai ta jam'iyya ɗaya tilo, akwai kuma ta mutum ɗaya wanda shi ne wuƙa shi ne nama. Da ta bi su ƙasa-ƙasa tana lissafin tsawon ransu, sai ga abin mamaki. Masu bindigar su ne suka fi saurin tafiya, kimanin shekara 9 a tsakaice. Na mutum ɗaya kan kai 15, na jam'iyya ɗaya kuwa wajen 23.

Me ya sa? Hafsan soja yana da gidan komawa. Da zarar rigimar mulki ta fara raba kan runduna, da yawansu sun gwammace su koma bariki da albashinsu da galonsu a kafaɗa, da a ce soja ya harbi soja. Haka Obasanjo ya miƙa wa Shagari a 1979, haka Abdulsalami ya miƙa a 1999. Shi kuwa irin su Mobutu, da ya shekara 32 a kan Zayar, ina zai koma? Shi da yaransa sun san ranar sauka ita ce ranar hisabi, don haka sai dai a fitar da su da ƙarfin tsiya.

Kada ku ɗauka aikin sauƙi ne. Ku sa kanku a kujerarta, ga takarda a gabanku an rubuta Najeriya, 1993 zuwa 1998. Wane layi za ku sa Abacha? Da kaki ya shigo, da majalisar hafsoshi a gefensa. Amma a ƙarshen 1997 ya tsare mataimakinsa Oladipo Diya, kuma a 1998 jam'iyyu biyar ɗin da ke ƙasar duk suka tsayar da shi Abachan takara. Mulkin soja ne wannan ko na mutum ɗaya? Irin wannan hukunci mai bincike ke yankewa shekara-shekara, ƙasa-ƙasa, daga tsofaffin jaridu da tarihin waɗanda suka yi ritaya, don gwamnatin danniya ba ta barin takardar zamanta a fili. Daga baya ita da abokan aikinta biyu sun tattara bayanan gwamnatoci 280, daga 1946 zuwa 2010.

Wani masanin, Milan Svolik, ya ƙirga ta wata fuskar: wa ke kayar da su? Cikin shugabanni 303 da aka raba da kujera ba ta hanyar doka ba, 205 na jikinsu ne suka yi musu aika-aikar. Boren talakawa bai wuce kashi 11 cikin 100 ba. Mu wannan ba baƙon labari ba ne, da ɗan gari akan ci gari. Gowon na taro a Kamfala a Yulin 1975, muryar da ta sanar da hamɓarar da shi ta Joe Garba ce, kwamandan rundunar da ke gadinsa. Buhari kuma a 1985, babban hafsan sojan ƙasa na gwamnatinsa ne ya gaje shi.

Sai dai ni a ganina, ƙirga daga Kalifoniya daban, yin wannan karatu a ƙarƙashin takalmin soja daban. Attahiru Jega malamin kimiyyar siyasa ne a Jami'ar Bayero lokacin da ya shugabanci ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, daga 1988 zuwa 1994, kuma gwamnatin Babangida ta haramta ƙungiyar yana kanta. Claude Ake, shi ma masanin kimiyyar siyasa, ya yi koyarwa a ƙasashen waje, ya dawo ya kafa cibiyar bincike a Fatakwal a 1991, ya ci gaba da rubutu a kan dimokuraɗiyya ana tsakiyar mulkin Abacha. Yana hanyar zuwa nan Legas ne ranar 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin da ya ɗauko shi daga Fatakwal ya faɗa ruwa ta wajen Ejirin, kusa da Epe. Bai ga 1999 ba.